Dogayen sunayen sinadarai: Yadda ake raba su gaɓa-gaɓa da furta su da Turanci

Kalmar dichlorodiphenyltrichloroethane tana da haruffa 31. Ita ce cikakken sunan maganin ƙwarin nan da duniya ta fi sani da DDT, kuma ire-irenta sun cika bayan kwalaben magani, da robobin maganin feshi, da littattafan kimiyya na sakandare, da sanarwar gargaɗi da Hukumar NAFDAC ke fitarwa. Ɗalibi kan tsallake su idan yana karatu. Mai karanta labarai a rediyo kan yi tuntuɓe da su ya wuce da sauri. Mai shagon magani kuwa kan faɗi rabin farko ya haɗiye sauran.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowane irin wannan suna gini ne da aka jera da ƙananan tubala, kuma kowane tubali yana da ma'anarsa. Wanda ya san tubalan da aka fi yawan amfani da su, waɗanda ba su wuce 'yan gomomi ba, zai iya karanta sunan da bai taɓa gani ba. Sannan gutsuren da aka fi haɗiyewa, wato ƙarshen kalma, shi ne sau da yawa ke raba abin ci da guba.

A cikin wannan bayani an kwatanta furucin Turanci da haruffan Hausa gwargwadon hali. Wasali biyu a jere na nufin a ja shi, manyan haruffa kuma suna nuna gaɓar da ake ƙarfafawa.

Dalilin da ya sa sunayen suka yi tsawo

A da, Turawa suna raɗa wa sinadarai suna ne bisa kamanninsu ko ɗanɗanonsu, kamar yadda Bahaushe ya ce farar wuta, ko ruwan batir. Akwai wani sinadari mai guba da suke kira sukarin dalma saboda zaƙinsa, akwai kuma wanda suke kira man shanun arsenik. Irin waɗannan sunaye suna da daɗin faɗi, amma ba sa gaya wa kowa abin da ke cikin sinadarin, wani lokaci ma yaudara suke yi.

A 1787 wasu masana huɗu na ƙasar Faransa, Guyton de Morveau da Lavoisier da Berthollet da Fourcroy, suka wallafa wani tsari mai ƙa'ida guda: sunan sinadari ya bayyana abubuwan da suka haɗu suka yi shi. A 1892 aka yi babban taro a birnin Janiba inda aka shimfiɗa dokokin sanya wa sinadarai masu ɗauke da kabon suna. A 1919 aka kafa ƙungiyar masana ilimin sinadarai ta duniya, IUPAC, wadda har yau ita ke kula da waɗannan dokoki, kuma tsarinta ake koyarwa a makarantun Najeriya, shi ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Tunda suna ya zama kwatancen gini, to duk sinadarin da gininsa ke da sassa da yawa, dole sunansa ya miƙe. Dokokin IUPAC sun tsaya ne a kan yadda ake haɗa suna da rubuta shi. Furuci an bar wa kowane harshe da al'adarsa, shi ya sa ake samun bambanci har a tsakanin masu Turanci.

Tubalan ginin

Malaman nahawun Hausa suna raba kalma zuwa saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Haka sunan sinadari yake.

Rukuni na farko masu ƙidaya ne, kuma yawancinsu daga harshen Girka aka aro su: mono ɗaya, di biyu, tri uku, tetra huɗu, penta biyar, hexa shida. Ana furta di da tri a matsayin dai da trai. Da wannan kaɗai mutum zai gane cewa carbon monoxide, iskar da ke fitowa daga janareta tana kashe mutane cikin barci a rufaffen ɗaki, tana da ƙwayar zarra ɗaya ta oksijin, carbon dioxide da muke fitarwa da numfashi kuwa tana da biyu. Farin magi da ake sa wa miya sunansa monosodium glutamate, wato sodiyam ɗaya ke tare da glutamate.

Rukuni na biyu su ne saiwoyin da ke faɗin yawan kabon a cikin sarƙa: meth ɗaya, eth biyu, prop uku, but huɗu, pent biyar, hex shida, hept bakwai, oct takwas, non tara, dec goma. Huɗun farko tsofaffin sunaye ne da aka gada. But, alal misali, ta samo asali ne daga kalmar Latin ta man shanu, domin a cikin man shanun da ya lalace aka fara samun wani asid mai kabon huɗu. Ana furta ta byuut.

Rukuni na uku su ne ɗafa-ƙeya, masu faɗin dangin sinadari. A 1866 masanin Jamus August Wilhelm von Hofmann ya kawo shawarar a riƙa sauya wasali domin nuna bambanci, kuma daga nan aka gaji ane da ene da yne. Na farko ana furta shi een, da wasali irin na farkon kalmar tebur. Na biyu iin, da wasali irin na kifi. Na uku ain, da tagwan wasali irin na kai. Ethane da ethene da ethyne duk kabon biyu gare su, amma ɗaurin da ke tsakanin kabon ɗin guda ne a na farko, biyu a na biyu, uku a na uku. Ethene ita ce iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa idan suna nuna. Ethyne ita ce iskar da masu walda ke samu idan sun zuba wa kabaid ruwa. Gas ɗin girki kuwa haɗin propane ne da butane.

Sauran ɗafa-ƙeya da ake yawan gamuwa da su sun haɗa da ol na dangin barasa, da al, da one, da yl mai nuna reshe da ke rataye a jikin babbar sarƙa. A lura cewa one a nan ba lamba ɗaya ba ce ta Turanci, oon ake furta ta, kamar a acetone, A-si-toon.

A yanka a kan gaɓa

Gwanin mahauci ba ya sara a tsakiyar ƙashi, gaɓa yake nema ya sa wuƙa. Hausa ta yi dace da kalma ɗaya ce ke nufin mahaɗar ƙashi da kuma yankin kalma. Dabarar karanta dogon suna ita ce a fara neman mahaɗar ma'ana, sannan a raba kowane yanki zuwa gaɓoɓin furuci.

A koma kan DDT. Idan aka bi tubalan, za a samu di-chloro, di-phenyl, tri-chloro, ethane. Yanki huɗu ne, gaɓoɓi 11: dai-KLOO-ro, dai-FII-nail, trai-KLOO-ro, II-theen. Sunan yana cewa akwai kulorin biyu, da zoben phenyl biyu, da wasu kulorin uku, duk a jikin ethane. Biyu da uku biyar, kuma ƙwayoyin kulorin biyar ne a cikin DDT. Kowane zobe na da kabon shida, ethane na da biyu, jimilla 14. Mutum ya karanta suna, ya kuma ƙirga abin da ke ciki a lokaci guda.

Haka za a bi sauran. DNA shi ne de-oxy-ribo-nucleic acid. Abin da ake shafe cikin kaskon suya da shi don kada abinci ya kama, wanda aka sani da Teflon, sunansa poly-tetra-fluoro-ethylene. Asfirin shi ne acetyl-salicylic acid. Maganin da aka yi ta cece-kuce a kansa lokacin annobar korona a 2020 shi ne hydroxy-chloro-quine, wato maganin zazzaɓin nan chloroquine da aka ƙara wa hydroxy a goshi.

Akwai wani bambanci tsakanin Hausa da waɗannan sunaye da ya kamata a riƙe. Bahaushe yana fara ambaton ainihin abu, sannan ya kawo bayaninsa: rigar sarki, gidan ƙasa, ruwan sama. Dogon sunan sinadari kuwa yana jero rassa da ƙarin bayani tukuna, ya ajiye uwar a ƙarshe. Saboda haka mai neman ma'ana daga baya zai faro. A sunan DDT uwar ita ce ethane, duk abin da ya gabace ta kaya ne da aka rataya mata.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne inda wasula biyu suka haɗu a mahaɗa. Ido ya saba ganin oe ko aa ko ii a matsayin sauti ɗaya, alhali a nan kowanne na yankinsa ne. Chloroethane chloro ne da ethane. Triiodide tri ne da iodide, trai-AI-o-daid. Isooctane iso ne da octane. Sinadarin da ke cikin 'yar kwalba mai murfi ruwan shunayya da ake ɗibar jini a ciki a asibiti, EDTA, sunansa ethylene-di-amine-tetra-acetic acid, kuma dole a ji a ɗin tetra daban da a ɗin acetic. Wani lokaci kuma wasali ɗaya kan faɗi, kamar yadda mono da oxide suka zama monoxide.

Akwai kuma sunayen da suka yi kama da kalmomin Turanci na yau da kullum. Periodic acid ba shi da alaƙa da kalmar da ke nufin lokaci-lokaci. Per ne da iodic, asid mai ɗauke da aidin, don haka paa-ai-O-dik ake cewa. Masu kimiyya suna da tsohon barkwanci a kan kalmar unionized: ɗan ƙungiyar ƙwadago zai raba ta union da ized, masanin sinadarai kuwa un da ionized. Haruffa iri ɗaya ne, wurin yanka ne ya sauya ma'ana.

Haruffa masu yaudara

Yawancin tubalan nan daga Girkanci suke, kuma Turanci ya riƙe tsohon rubutunsu. Ga kaɗan da suka fi damun mai karatu:

Ch kusan kullum k ce a sunayen sinadarai: chlorine, chromium, cholesterol. Wannan na buƙatar kulawa ga wanda ya saba da ch ta church, wadda ita ce c ta Hausa.

Ph kuwa f ce: phenol, phosphate. Hausa ba ta bambanta p da f yadda Turanci ke yi, shi ya sa paracetamol ya zama farasitamol a bakin jama'a. A hira babu laifi. Amma wanda zai faɗi propyl da phenyl a aji ko a ɗakin gwaji, sai ya rufe leɓɓa ruf a kan p, ya ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa a kan f.

Th a methane da ethanol ana yin ta ne da tsinin harshe tsakanin haƙora. Duk wanda ya yi tajwidi ya san mafitarta, domin ita ce ta harafi na huɗu na Larabci, mai ɗigo uku a sama.

C kafin e ko i ko y tana zama s: cyanide SAI-a-naid, acetic a-SII-tik. X a farkon kalma z ce: xylene ZAI-liin. P ta farkon pseudo ba a furta ta.

Phth ita ce ta fi tsoratarwa. A naphthalene, farin dunƙulen nan da ake sa wa cikin akwatin tufafi ana kiransa kafur, ana raba ta biyu: NAF-tha-liin. A farkon kalma, kamar phthalate, ana zubar da ph a ce THA-leet. Ruwan da ɗalibai ke ɗigawa ya koma ruwan hoda a cikin alkali, phenolphthalein, phenol ne da phthalein, kuma mafi yawan masu furta shi suna tsallake ph ta tsakiya.

Sai batun jerin baƙaƙe. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba ta farawa da jeren baƙaƙe, shi ya sa harshen ke cusa wasali a kalmomin aro, aka samu burodi da fulawa da firamare da sitaci. Wannan ɗabi'a ce ke mayar da chloro ya zama kuloro, tri ya zama tirai. Ba ta ɓata ma'ana, sai dai tana ƙara wa dogon suna gaɓoɓi, har numfashi ya ƙare kafin a kai ƙarshe.

Inda murya ke sauka

Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka, kuma ana furta kowane wasali sarai. Turanci kuwa yana zaɓen gaɓa ɗaya ya ƙarfafa ta, ya sassauta na kewaye da ita. Idan aka ƙarfafa gaɓar da ba ita ba, mai sauraro na iya kasa gane kalmar ko da an faɗi kowane harafi daidai.

Akwai ƙa'idoji biyu masu sauƙin riƙewa. Idan kalma ta ƙare da ic, nauyi yana sauka a gaɓar da ke dab da shi: sal-FYUU-rik, kaa-BO-nik, sa-li-SI-lik. Idan ta ƙare da ium, haka nan: SOO-di-am, po-TA-si-am, mag-NII-zi-am.

Wannan na nufin saiwa ɗaya na iya sauya murya bisa ga abin da aka ɗafa mata. Acet ta fito ne daga kalmar Latin ta ruwan tsami, amma ga 'ya'yanta: acetate A-si-teet, acetic a-SII-tik, acetylene a-SE-ti-liin. Haka glycol GLAI-kol yake, glycerol kuwa GLI-sa-rol.

A dogon suna kowane yanki yana riƙe nasa nauyi, har a ji wani kari kamar na waƙa. Marubucin nan na Amurka Isaac Asimov, wanda masanin sinadaran jikin halittu ne, ya rubuta maƙala a 1963 inda ya nuna cewa sunan para-dimethyl-amino-benzaldehyde yana hawa daidai kan karin wani sanannen kiɗan gargajiya na ƙasar Ailan. Gaɓoɓinsa 12 ne, sun kasu uku-uku, ana ƙarfafa ta farko a kowane kashi: PA-ra-dai, ME-thil-a, MII-no-ben, ZAL-di-haid. Malamin da ya sa ɗalibai tafa hannu a kan kowace gaɓa mai nauyi zai ga sun riƙe suna cikin 'yan mintoci, kamar yadda yara ke haddace karatu da rerawa.

Game da wane furuci ne daidai, Ingila da Amurka ba su daidaita ba. Methyl a Ingila MII-thail ne, a Amurka ME-thil. Methane a can MII-theen, a nan ME-theen. Iodine a Ingila yana ƙarewa da diin, a Amurka sau da yawa dain. Ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ta taɓa fitar da rahoton kwamiti kan furucin waɗannan kalmomi a 1934, duk da haka bambancin bai gushe ba. A rubuce ma IUPAC ta raba gardama ne ta hanyar ba kowa nasa: ta ɗauki aluminium na Ingila, ta ɗauki sulfur mai f na Amurka. Makarantun Najeriya sun gaji tsarin Ingila, amma duk wanda mutum ya ɗauka karɓaɓɓe ne, muddin ya tsaya a kansa.

Lambobi da alamomi

Lambobin da ke cikin suna adireshi ne, suna faɗin a kan kabon na nawa reshe yake. Waƙafi yana raba lamba da lamba, karan ɗori yana raba lamba da harafi, kuma ba a furta ko ɗaya daga cikinsu. Ana faɗin lambobin ne ɗaya bayan ɗaya. 2,2,4-trimethylpentane yana nufin rassan methyl uku, biyu a kan kabon na biyu, ɗaya a kan na huɗu, a jikin sarƙa mai kabon biyar. Shi ne isooctane, ma'aunin da ake gwada ingancin fetur da shi, wanda aka ba maki 100.

Manoma sun san maganin ciyawa 2,4-D, wato 2,4-dichloro-phenoxy-acetic acid. Sinadarin da ke cikin Sniper da ota-fiya-fiya kuwa shi ne dichlorvos, wanda cikakken sunansa 2,2-dichloro-vinyl dimethyl phosphate. Lambar Rumawa da ke biyo bayan sunan ƙarfe ana karanta ta kamar kowace lamba. A tsohon tsari, ous da ic ne ke wannan aiki, shi ya sa ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu take ɗauke da sunan ferrous sulfate.

Kama da wane ba ta wane

Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka harshe bai saba tsayawa a kan d ko t a ƙarshen kalma ba. Ga shi kuwa a nan ne sunayen sinadarai suka ajiye babban bambancinsu: ide aid, ite ait, ate eet.

Sodium chloride gishirin miya ne. Sodium hypochlorite shi ne ruwan bilicin da ake wanke fararen kaya da shi. Sodium chlorite sinadarin masana'antu ne mai cutarwa idan aka sha. Sodium chlorate an daɗe ana kashe ciyawa da shi. Bambancinsu yawan oksijin ne: babu ko ɗaya a chloride, ɗaya a hypochlorite, biyu a chlorite, uku a chlorate, huɗu a perchlorate.

Zinc sulfate ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari, zinc phosphide kuwa gubar ɓera ce. Barium sulfate ake ba majiyyaci ya sha kafin a ɗauki hoton cikinsa, domin ba ya narkewa, amma barium sulfide guba ne. Phosphate yana cikin takin zamani, aluminium phosphide kuwa shi ne ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake ko masara, wadda ke fitar da iskar phosphine mai kisa idan ta sha danshi. Ethanol da methanol harafi ɗaya ya raba su, amma na biyun yana makantarwa yana kisa, kamar yadda aka gani a 2015 lokacin da gomman mutane suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da shi.

Wani lokaci kuma goshin suna ne ke ɗauke da bambancin. Propylene glycol ruwa ne da aka amince a narkar da maganin yara a cikinsa. Diethylene glycol ruwan masana'antu ne mai lalata ƙoda. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sanar da mutuwar yara 84 bayan shan wani maganin haƙori da aka samu wannan guba a cikinsa. A 2022 kimanin yara 70 suka rasu a ƙasar Gambiya, aka danganta mutuwarsu da magungunan tari masu ɗauke da shi. Ba kuskuren furuci ne ya jawo waɗannan masifu ba. Sai dai ɗan jaridar da ya taƙaita sunan ya ce glycol kawai, ya haɗa halal da haram a kalma ɗaya, ya bar iyaye cikin ruɗani game da abin da za su duba a jikin kwalba.

Sunayen magunguna

Likita ba zai iya rubuta cikakken sunan sinadari a kan kowace takarda ba, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ke raɗa wa magunguna gajeren suna na bai-ɗaya, aikin da ta fara fitar da jerinsa na farko a 1953. Wasunsu gutsattsarin dogon suna ne. Daga para-acetyl-amino-phenol aka tsinto paracetamol, daga wannan suna dai Amurkawa suka tsinto acetaminophen, magani ɗaya ne. Ibuprofen ya fito daga isobutyl da propionic da phenyl.

Hukumar ta yi la'akari da masu harsuna daban-daban. Ƙa'idarta ta ce a fifita f a kan ph, t a kan th, i a kan y, domin sauƙin furuci da fassara. Shi ya sa ake rubuta amoxicillin da cefalexin a yau. Ƙarshen sunan kuma yana faɗin dangi: cillin dangin fenisilin, oxacin dangin ciprofloxacin, olol da pril magungunan zuciya da hawan jini.

Dabarar yanka a kan gaɓa tana aiki a nan ma. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina a jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar haɗi ne na sulfa-doxine da pyri-methamine da amo-dia-quine: sal-fa-DOK-siin, pi-ri-ME-tha-miin, a-mo-DAI-a-kwiin.

Akwai magungunan da farkonsu ɗaya ne amma aikinsu ya yi hannun riga. Chlorpromazine na taɓin hankali ne, chlorpropamide na ciwon sukari. Carbamazepine na farfaɗiya ne, carbimazole na ciwon maƙoƙo mai yawan aiki. Saboda irin wannan ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fara, a 2001, neman a riƙa rubuta sashen da ya bambanta da manyan haruffa, kamar chlorproMAZINE da chlorproPAMIDE. Wanda ke sayen magani da baki, ko yake karɓar umarni ta waya, ya kamata ya maimaita sunan har ƙarshe, in da hali a rubuta masa.

Ga malami da mai fassara da mai karanta labarai

Kafin a shiga aji ko ɗakin watsa labarai, a ɗauki biro a ja layi a kan kowace mahaɗa, ana farawa daga ƙarshen suna ana dawowa baya. A yi alama a kan gaɓa mai nauyi a kowane yanki. A faɗi yankin ƙarshe shi kaɗai, sannan a ƙara wanda ya gabace shi, har a iso farko: ethane, trichloroethane, diphenyltrichloroethane, sai cikakken suna. Amfanin wannan shi ne harshe yana tafiya ne zuwa ga abin da ya riga ya sani, don haka ƙarshen ba ya ɓacewa. Ɗan tsayawa kaɗan a tsakanin yankuna ba aibi ba ne, masana kansu haka suke yi.

Idan layi ya ƙare a rubutu ana tsakiyar suna, a karya shi a mahaɗa, kamar trichloro a sama, ethane a ƙasa.

Sunayen da suka riga suka zauna a Hausa, irin su oksijin da kulorin da farasitamol, a bar su yadda jama'a suka san su. Amma a labarin gargaɗi, inda ake son mutum ya je ya duba kwalba ko leda, wajibi ne a kawo sunan da ainihin rubutunsa, domin abin da zai gani ke nan a jikin kayan. A rediyo kuma a faɗe shi sau biyu, a bayyana aikinsa da Hausa.

Sunan da ake yawan ambata a matsayin mafi tsawo shi ne na titin, wani furotin da ke cikin tsokar jiki, wanda aka ƙirga masa haruffa 189,819, kuma karanta shi na cin fiye da sa'o'i uku. Ƙamusoshi ba sa shigar da shi, masana ma ba sa amfani da shi. Jeri ne kawai na sunayen ƙananan sinadarai iri 20 da ake gina furotin da su, ana maimaita su dubban lokuta, kowanne da yl a ƙeyarsa ban da na ƙarshe. Yana farawa da methionyl ya ƙare da isoleucine, kuma ɗalibin da ya iya furta waɗannan 20 zai iya karanta shi daga farko har ƙarshe idan yana da lokaci.